Akwatin Ƙarfe a Ƙasar Tubali

A ranar 26 ga Afrilu, 1956, jirgin ruwa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston a Amurka ɗauke da akwatunan ƙarfe 58. Malcom McLean, mai motocin dakon kaya, shi ya tsara tafiyar. Sauƙin lodi yake nema, ba makwanci ba.

Magina sun waiwayi akwatin ne daga baya. Wajen 2006 aka jera kwantenoni kusan 1,000 a Amsterdam, suka zama ɗakunan ɗalibai; ko da yake sababbi aka ƙero daga Sin, abin da masu yabon aikin kan manta.

A ƙasar Hausa kuwa, kwantena ta tsaya a bakin titi, ta zama shago ko ma'ajiya. Tashoshin tsandauri na Dala (2023) da Funtuwa (2024) sun matso da ita kusa da Kankiya da Kusada, amma ba ta wuce zaure ba. Dalilin tsoho ne. Soron tubali da azara yakan riƙe sanyin dare har azahar. Da kwano ya zo, ya hutar da maigida yaɓen shekara-shekara kafin damina, ya bar masa zafin da sai an sa silin ake jurewa. Ita kwantena ƙarfe ce sama da gefe, faɗinta ƙafa 8 kacal. Kafin a iya kwana cikinta da bazara, sai an yanka tagogi, an lulluɓe bango, an ɗora rufi na biyu, ga kuɗin tirela. Sau da yawa bulo ya fi araha.