Sulken Mahaya Babur: Yadda Rigar Fata Ta Samo Siffarta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon gasar tseren babura ta duniya a talabijin ya ga wani abin al'ajabi: mahayi ya faɗi yana tsananin gudu, ya yi ta gurzar kwalta kamar an ja buhu, sa'annan ya miƙe ya karkaɗe jikinsa. Mai kallo yakan ce tsawon rai ne, kuma gaskiya ya faɗa, amma tsawon ran yana da sanadi. Sanadin kuwa shi ne rigar fatar da ke jikin mahayin. A wannan muƙala ina so in bi sawun wannan riga, domin a ganina wanda bai san dalilin kowane ɗinki da ke jikinta ba, idan ya je saye, idonsa ne zai yi masa zaɓe, ido kuwa ado yake gani kafin ya ga kariya.

Daga kwat zuwa fata

A shekarar 1885 ne Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka ɗora inji a kan wani keken katako a Jamus. Mahayan farko ba su da wata tufa ta musamman. Da kwat ɗin ulu da hular yawo suke hawa, domin abin da ya dame su a lokacin sanyi ne da ƙura da taɓo. Ko da aka fara shahararren tseren tsibirin Man a 1907, haka abin yake. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya yaɗa fata a tsakaninsu, saboda matuƙan jiragen sama da 'yan aiken soja masu babura sun gane cewa iska ba ta ratsa ta.

A 1928 wani tela a birnin New York mai suna Irving Schott ya ɗinka gajeriyar rigar fata mai zif a karkace, ya raɗa mata suna Perfecto, sunan sigarin da yake sha, aka sayar da ita dala 5.50 a shagon wani dillalin baburan Harley-Davidson. Gajartarta ta sa ba ta tattarewa idan an zauna, karkataccen zif kuma yana tare iska a ƙirji. Sai dai a 1953, da Marlon Brando ya fito da irinta a fim ɗin The Wild One, rigar ta tashi daga kayan aiki ta koma alamar samartaka da taurin kai. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma har yau a rabe take: akwai fatar da ake ɗinkawa don a gani, akwai wadda ake ɗinkawa don a faɗi da ita.

Kai ne ya fara samun gata kafin sauran jiki. A watan Mayu na 1935, T. E. Lawrence, Baturen nan da ya yi suna a yaƙin ƙasashen Larabawa, ya kauce wa wasu yara biyu masu keke a Dorset ta Ingila, ya faɗi daga babur ɗinsa ba hula a kansa, ya rasu bayan kwana shida. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, masanin ƙwaƙwalwa, wanda ya duƙufa nazarin raunukan kai, har rundunar sojan Birtaniya ta wajabta wa mahayanta hular kwano a 1941. Darasin da Cairns ya bari shi ne a ƙirga raunuka, a gano inda suke faɗawa, sannan a ƙera abin tare su. Sai da aka ɗauki shekaru kafin a yi wa riga irin wannan lissafi.

Riga guda daga wuya zuwa idon sawu

Abin mamaki, rigar tsere da muka sani yau, wadda take haɗe da wandonta, neman gudu ne ya haife ta. A farkon shekarun 1950, Geoff Duke, ɗan Ingila mai hawa babur ƙirar Norton, ya lura cewa riga da wando masu faɗi suna kaɗawa a iska suna rage masa sauri. Sai ya sa wani tela a garinsu St Helens ya ɗinka masa fata guda mai kama jiki. Duke ya ci kambun duniya sau shida, sauran mahaya kuwa suka bi sahu. Daga baya ne aka ga ribar da ba a nema ba: rigar da ba ta da mahaɗa a ƙugu ba ta yayewa ta bar baya a fili idan mutum yana gurzar ƙasa, kuma fatar da ta kama jiki ba ta naɗewa ta wuntsila shi.

Amma fata gurzuwa kawai take tarewa, ba ta tare bugu. Barry Sheene ya tabbatar da haka da jikinsa a Daytona ta Amurka a 1975, lokacin da ya faɗi yana gudun kusan kilomita 280 a awa. Ya rayu, amma ya karye a cinya da hannu da haƙarƙari. Bayan makonni kaɗan ya koma kan babur, ya kuma ci kambun duniya a 1976 da 1977. Shi ne kuma aka sani da fara ɗaura garkuwar baya ta kamfanin Dainese, wanda Lino Dainese ya kafa a Italiya a 1972. Garkuwar ɓawo ce mai gaɓa-gaɓa a waje da soso a ciki, tana lanƙwasa da gadon baya tana kuma watsa ƙarfin bugu. A wannan zamanin dai Kenny Roberts na Amurka, zakaran duniya daga 1978 zuwa 1980, ya shahara da kwantar da babur a kwana har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Da salatif yake naɗe gwiwar, kuma daga wannan dabara aka samo ƙullutun robar da ake maƙala wa gwiwar kowace rigar tsere.

Mataki na baya-bayan nan shi ne jakar iska da ake sakawa cikin riga. Na'urori ne ke auna motsin mahayi, da sun ji alamar faɗuwa sai su hura jakar ta rufe kafaɗu kafin ya kai ƙasa. A 2013 Marc Márquez ya faɗi a filin Mugello yana gudun fiye da kilomita 300 a awa, ya tashi da ƙananan raunuka, ya kuma shiga tsere a ƙarshen wannan makon. Tun 2018 gasar MotoGP ta wajabta wannan jaka ga kowane mahayi.

Abin da tarihi ke gaya wa mai saye

Idan aka karanta wannan tarihi a natse, ya zama jagoran zaɓe. Fatar saniya ta tsere kaurinta yakan kai milimita 1.2 zuwa 1.4, ta kangaru kuwa ta fi sirantaka da rashin nauyi amma tana da ƙarfi, shi ya sa manyan mahaya suka fi son ta duk da tsadarta. Fatar ado mai laushi, wadda ba ta kai wannan kauri ba, jikar Brando ce, ba ta Duke ba. Sai ɗinki, domin riga daga mahaɗarta take fashewa, don haka ake ninka shi a kuma ɓoye wani layin a ciki inda kwalta ba za ta ci zaren ba. Garkuwar kafaɗa da ta gwiwar hannu da ta gwiwa dole su zauna daram a kan gaɓar, shi ya sa ake gwada riga a sunkuye kamar ana kan babur. Wadda ta yi daɗin tsayuwa ta yi yawa. Mai zirga-zirgar gari zai iya ɗaukar riga da wando masu zif da ke zagaye ƙugu, mai shiga filin tsere kuwa guda ce tasa. Turai ta sauƙaƙa wa mai saye da ma'aunin EN 17092 na 2020, wanda ya kasa tufafin daraja-daraja, AAA a sama, sai AA, sai A. Araha dai ba ta ado, balle ta yi kariya.

Kammalawa

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, daga 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, wato kakanninmu sun san cewa mahayi ba ya fita da jiki tsirara. Muna kuma da majema da dukawa waɗanda fatarsu ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Duk da haka, da aka wajabta hular kwano a Nijeriya a farkon 2009, har da ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka kifa a ka. Ban ga laifin talauci da zafin rana su kaɗai ba, domin an riga an ƙera fata mai huji-huji da yadi mai zaren Kevlar saboda ƙasashe masu zafi. Abin da ya rage shi ne masu fatar da masu baburan su zauna wuri guda, su ƙirga raunukan da ake kai wa asibitocinmu kamar yadda Cairns ya ƙirga nasa, su ɗinka wa mahayin Kano da na Maraɗi abin da zai iya saye kuma ya iya sawa a watan Afrilu. Ba a fafe gora ranar tafiya.