Ɗigon Shuɗi a Allon Tankar Yaƙi

A yaƙin Gulf na 1991 Amurka ta rasa sojoji 148 a fagen daga, kuma 35 daga cikinsu wutar 'yan'uwansu ce ta ci su. Ranar 26 ga Fabrairu ma jiragen Amurka samfurin A-10 suka yi wa motocin sulken Birtaniya ruwan wuta, sojoji 9 suka mutu. Akwai GPS a lokacin, har wasu sojoji kan sa a sayo musu na kasuwa daga gida. Sai dai ita na'urar, inda kake kawai take gaya maka, ba ta san wanda ke bayan tudun yashin can ba.

Daga nan aka faro shirin FBCB2. A 1995 kamfanin TRW ya karɓi kwangilar: a sa kwamfuta a cikin mota, ta riƙa sanar da sauran inda take, na gida su fito da shuɗi a taswira, abokan gaba da ja. An gwada shi a Fort Irwin, cikin hamadar Kalifoniya, a Maris 1997. Rediyon ƙasa ne ke kai saƙon, shi kuwa da tsauni ya gitta sai ya yi gum.

Tsaunukan Kosovo, inda aka girke sojojin Amurka, suka tona wannan rauni, magani kuma ya zo daga masu tirelolin dakon kaya. Tun 1988 kamfanin Qualcomm ke sayar musu da OmniTRACS, wadda mai mota ke bibiyar direbansa da ita ta tauraron ɗan Adam, su yi musayar gajerun saƙonni. Sojoji suka ari dabarar. Abin da aka ƙera don kada direba ya laɓe a hanya, shi ya zama idon janar.

Da za a shiga Iraƙi a 2003 aka yi gaggawar ɗaura na'urorin kamfanin Comtech a motocin kwamandoji, aka kira tsarin Blue Force Tracking. A ƙarshen Maris guguwar yashi ta rufe ido, tazara ta fi ƙarfin rediyo, amma ɗigogin suna nan a allo, rubutattun saƙonni na wucewa. Ba kowa ya samu ba. Ayarin makanikai na 507, wanda ba shi da na'urar, ya ɓace hanya ranar 23 ga Maris, ya faɗa cikin garin Nasiriyya, aka kashe sojoji 11, aka kama wasu har da wata soja mai suna Jessica Lynch.

Masu yabon tsarin kan manta cewa shuɗin ne kaɗai ke zuwa da kansa. Jan sai wani ya gani da ido ya shigar da hannu. A wancan lokacin ɗigon shuɗin ma kan yi mintuna kafin ya motsa, alhali tanka na ta cin ƙasa. Wannan jinkiri na cikin abin da ya sa aka ba kamfanin ViaSat kwangilar zubi na biyu, BFT-2, a 2010.