Niprisan: Hanyar da magani ke bi daga ɗakin binciken jami'a zuwa kantin kyamis

Kowace shekara ɗaliban tsangayoyin haɗa magunguna a jami'o'in Najeriya suna rubuta kundaye masu yawa kan ganye, saiwa da ɓawon itatuwan da masu maganin gargajiya ke amfani da su. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin waɗannan binciken ke zama maganin da likita zai rubuta wa marar lafiya. Tarihin Niprisan, maganin rage raɗaɗin cutar sikila da masana 'yan Najeriya suka samar, yana nuna tsawon hanyar da kuma inda igiyar take tsinkewa.

Ɗalibin haɗa magunguna yana yin shekara biyar a tsohon tsarin digiri, ko shida a sabon tsarin da ake komawa kansa, sannan ya yi shekara guda ta samun horo kafin hukumar kula da sana'ar ta ba shi lasisi. A tsangaya irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wani sashe yana nazarin tsirrai da sinadaran da ke cikinsu, wani yana duba abin da magani ke yi wa jiki, wani kuma yana koyar da yadda ake mayar da gari ya zama ƙwaya ko ruwan sha. Bincike kan tsiro yakan fara ne da tabbatar da sunansa na kimiyya, a shanya shi, a daka, a tatso sinadaransa da ruwa ko wani abin narkarwa, sannan a gwada a kan ɓeraye don a ga ko yana aiki, ko kuma yana da guba. A nan mafi yawan kundayen suke ƙarewa. Gwaji a kan mutane yana cin shekaru da kuɗin da babu wani sashen jami'a da ke riƙe da su.

Niprisan ya ƙetare wannan shingen. Asalinsa haɗi ne na wani malamin coci kuma mai maganin gargajiya daga Oyo, Rabaran Paul Ogunyale. A farkon shekarun 1990 ya miƙa sirrin haɗin ga Cibiyar Bincike da Haɓaka Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, bisa rubutacciyar yarjejeniya. Shugaban cibiyar a lokacin shi ne Farfesa Charles Wambebe, wanda ya koyar da ilimin aikin magani a jiki a Zariya kafin ya koma Abuja.

Tsirrai huɗu ne a cikin haɗin: 'ya'yan masoro, kanumfari, ganyen dawa, da itacen da Yarabawa ke kira osun. Uku daga ciki babu gidan Bahaushen da bai san su ba, amma hakan ba ya nufin a daka su a turmi a ba yaro. Aikin da ya ɗauki masanan shekaru shi ne gano adadin kowane tsiro, hanyar tatsarsa, da tabbatar da cewa ƙwayar da aka yi yau daidai take da wadda za a yi baɗi. Wannan ita ce babbar wahalar maganin tsirrai, domin ƙarfin sinadari yana canzawa gwargwadon ƙasar da aka shuka tsiron da lokacin da aka girbe shi.

Buƙatar maganin ba ƙarama ba ce. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, kuma alƙaluman da hukumomin lafiya suka saba kawowa sun ce ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar a ƙasar duk shekara. A jikin mai sikila, jajayen ƙwayoyin jini suna lanƙwashewa kamar lauje idan iskar shaƙa ta yi ƙaranci, su toshe ƙananan jijiyoyi, su jawo ciwon ƙashi mai tsanani. Gwajin ɗakin bincike ya nuna cewa Niprisan yana jinkirta wannan lanƙwashewar. Ba ya warkar da cutar, domin gadonta ake yi.

A 1998 Amurka ta ba haɗin takardar mallakar fasaha, kuma sunan Ogunyale yana cikin jerin waɗanda suka ƙirƙiro shi, abin da ba kasafai ake yi wa mai maganin gargajiya ba. A 2001 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi kan marasa lafiya 82. An raba su gida biyu, wasu na shan maganin, wasu na shan ƙwayar da babu komai a cikinta, ba tare da likita ko marar lafiya ya san wadda aka ba wa kowa ba, daga baya aka musanya. Sakamakon ya nuna raguwar tashin ciwo mai tsanani, ba tare da wata muguwar illa ba. Sai dai mutum 82 sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu. Masanan ƙungiyar Cochrane, masu tace sakamakon gwaje-gwajen magani, sun ce alamar tana da kyau amma hujjar ba ta da ƙarfi, kuma ana buƙatar gwaji mafi girma.

Daga nan labarin ya bar hannun masana ya shiga na 'yan kasuwa. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa maganin shi kaɗai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya shi cikin rukunin magungunan cututtukan da ba su da yawa a can, matsayin da ke sauƙaƙa bincike amma ba izinin sayarwa ba ne. A watan Yulin 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan, ana sarrafa shi a Sheda, kusa da Abuja.

Murnar ba ta daɗe ba. Kamfanin ya kasa samar da adadin da ake buƙata, bashi ya yi masa katutu, kuma a 2008 uwar kamfanin ta shigar da takardun karyewa a Amurka. A 2009 aka janye lasisin. Iyayen da suka fara ganin sauƙi a jikin 'ya'yansu suka riƙa zagaya kantunan kyamis suna dawowa hannu rabbana. Babu wanda ya ce maganin ya daina aiki. Masana'antar ce ta tsaya. Miƙa maganin da aka yi da kuɗin al'umma ga ƙaramin kamfani guda, ba tare da wani na biyu a gefe ba, shi ne kuskuren da ya fi tsada a duk tafiyar.

Kusan shekara goma aka yi kafin NIPRD ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Najeriya a 2018, wanda ya dawo da maganin kasuwa da sunan Niclovix. Sunansa na uku ke nan, kuma yaran da aka yi gwajin farko a kansu tuni suka zama manya.