Lissafin Taurarin Damina a Ƙasar Daura da Koyar da Ilimin Falaki

Manomin ƙasar Daura yana aiki da kalanda uku a lokaci guda. Da watan Musulunci yake azumi, ya yi salla, ya halarci Gani. Da watan Bature yake biyan kuɗin makaranta. Idan kuwa maganar shuka ce, da noman farko da maimai, har yanzu akwai dattawa a Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua da ke komawa ga malamin da ya san lissafin taurari, su tambaye shi wane tauraro ake ciki. Dalilin a fili yake. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza shekarar rana da kwana 11, don haka Ramadan yana zagaya damina da rani duk a cikin shekara 33. Gero bai san wannan zagaye ba. A wurin da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, kuskuren mako biyu wajen shuka yana iya zama bambanci tsakanin cikakken rumbu da sayen hatsi a kasuwa tun kafin bazara.

Hujjar wannan maƙala ita ce, lissafin nan ilimin falaki ne na gaskiya, an gina shi bisa lura da sama, kuma da shi ya kamata a buɗe darasin taurari ga ɗalibin Daura kafin a kai shi ga galaksi da duniyoyin da ke kewaya wasu ranaku. Sharaɗin shi ne a mayar da shi wurin da ya fito, wato kallon sama da ido, domin a yau ya koma jadawalin da ake haddacewa.

Tsarin ya raba hanyar da rana da wata ke bi a sama zuwa manzili 28. Kowace manzila kwana 13 take yi, sai Jabha da ke da 14, jimilla 365. Kowane yanayi na shekara yana da bakwai. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Daga nan kaka ta shigo da Sarfa, ɗari ya shigo da Shaula, bazara kuma ta rufe da Surayya da Dabaran. Sunayen na Larabci ne, sun zo ta hanyar littattafan malaman Magrib tare da watannin ajami, amma sun daɗe da zama 'yan gida. Mervyn Hiskett ya nuna a nazarinsa na 1967, a mujallar Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Landan, cewa malaman Hausa sun tsara wannan lissafi cikin waƙe domin sauƙin hadda. Tun kafin nan ma ƙasar Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi zama a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti har ya rasu a can wajajen 1741.

Akwai abin da mai hadda ba ya lura da shi, wanda kuma shi ne mabuɗin darasin gaba ɗaya. Tauraron da ake cewa an shiga, shi ne daidai wanda ba a iya gani a daren. Idan aka ce ana cikin Jabha, a watan Agusta, ana nufin rana ta sauka a wajajen waɗannan taurari, suna fitowa tare da ita, suna faɗuwa tare da ita, haskenta ya rufe su. Abin da ido ke iya kamawa shi ne manzilar da rana ta bari a baya, wadda ke leƙowa daga gabas da asuba kafin gari ya waye. Surayya, wadda Bahaushe ke kira Kaza da 'Ya'yanta, ita ce misali mafi sauƙi. A watan Janairu tana tsakiyar sama bayan sallar isha. Kowane dare tana riga jiya faɗuwa da kimanin minti huɗu, har ta ɓace a jan yamma wajajen ƙarshen Afrilu. Sai a tsakiyar Yuni mai fita sallar asuba ya hango ta ƙasa-ƙasa a gabas. Ɗalibin da ya bi wannan ɓacewa da dawowa da idonsa, yana rubuta kwanan wata da lokaci, ya riga ya riƙe shaidar cewa duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara: minti huɗun nan, idan aka tara su kwana 365, awa 24 suke bayarwa. Zanen allo ba ya ba shi wannan tabbaci.

Matsayin Daura a doron ƙasa ma ya taimaka. Garin yana kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, yana tsaye digiri 13 sama da inda ƙasa ta haɗu da sama. Idan mutum ya miƙe hannu ya dunƙule shi, faɗin dunƙulen ya kai digiri 10, sai ɗan ƙari kaɗan ya kai ga tauraron. Mai tafiya Agadas zai ga ya ɗaga, mai gangarawa Legas zai ga ya kusa taɓa ƙasa, kuma hakan ba zai yiwu ba sai a kan ƙasa mai lanƙwasa. Sau biyu a shekara, wajajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana bi ta tsakar kan Daura. Sandar da aka kafa a miƙe a filin makaranta takan rasa inuwa da tsakar rana. A ranar 27 ko 28 ga Mayu kuwa, da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, rana tana tsaye a kan Ka'aba, duk wanda ya fuskance ta ya fuskanci alƙibla. Ba a buƙatar na'ura ko ɗaya a duk waɗannan. Daga Daura kuma ana ganin taurarin kudu da ɗalibin Landan ba zai taɓa gani daga gida ba, har da Alfa Sentauri, maƙwabciyar rana mafi kusa da ido ke iya gani, mai nisan shekarar haske 4.4, wato tazarar da haske ke yi cikin shekara 4.4.

Daga manziloli ake tsallakawa zuwa sabon ilimi, domin kowane suna a jadawalin yana da abin da na'urar hangen nesa ta gano game da shi. Ido mai lafiya yana ƙirga 'ya'yan Kaza shida ko bakwai. Galileo ya zana 36 a littafinsa na 1610. A yau an san sun haura 1,000, an haife su tare daga gajimaren iskar gas guda kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, yara ne ƙanana idan aka gwada da rana mai shekara biliyan 4.6. Nisansu kusan shekarar haske 440 ne. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, yana iso mu daga rana cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, amma wanda ke shiga idon mai kallon Surayya a daren yau ya taso ne fiye da shekara 200 kafin jihadin 1804. Dabaran, ja-jan tauraron da ke bin Kaza a baya, ya fi ta kusa sosai, shekarar haske 65 kacal. Kusancin da ido ke gani tsakaninsu na jiha ne kawai. Jan launinsa alama ce ta tsufa: ya cinye iskar haidurojin da ke cikinsa, ya kumbura, fatarsa ta huce. Ƙalbu, na taurarin kaka, ya fi shi nisa a wannan hanya, don da za a ajiye shi a gurbin rana, da ya haɗiye duniyarmu har da duniyar Mirriku. A jadawali guda, ke nan, ɗalibi yana da jariran taurari da tsofaffi, kuma ya san sunayensu tun a zaure.

Haka batun duniyoyi. Zara matar wata da ake gani da magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba, abu guda ne, Zuhura. Wanda ya lura zai ga ba a samun su a lokaci ɗaya: idan ta yi watanni a yamma sai ta ɓace ta ɓullo a gabas, zagayen yana cika cikin kwana 584. Ba ta cikin manziloli 28 domin ba ta da mazauni. Duniya ce mai kewaya rana ta cikin da'irarmu, hasken aro take haskawa da shi, zafin samanta ya haura digiri 450. Idan ɗalibi ya gane cewa rana tauraro ce kamar Dabaran, tambayar da zai yi da kansa ita ce ko sauran taurari ma suna da nasu duniyoyin. An amsa ta a 1995, lokacin da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya tana kewaya tauraron 51 Pegasi, kuma zuwa 2022 adadin da aka tabbatar ya wuce 5,000. A 2019 Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ta bai wa Najeriya damar raɗa wa ɗaya suna, aka kira tauraron Amadioha, duniyarsa kuma Equiano. Farin zirin da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda Larabawa ke kira Majarra, shi ne galaksinmu ana kallonsa daga ciki, faɗinsa kimanin shekarar haske 100,000, taurarinsa sun haura biliyan 100. Ɗan tabon hasken da Abdurrahman al-Sufi ya bayyana a 964, Edwin Hubble ya tabbatar a shekarun 1920 cewa wani galaksi ne daban, Andiromeda, mai nisan shekarar haske miliyan 2.5. Ana ganinsa da ido a daren kaka daga kowane ƙauye mai duhu.

Akwai masu ƙin wannan shawara, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. A ƙasar Hausa maganar taurari ta daɗe tana cuɗanya da duba da bugun ƙasa. Littafin al-Katsinawi da ya fi shahara, Durrul Manzum, shi kansa ya haɗa taurari da ɗalasimai. Iyaye suna da haƙƙin tambayar abin da za a koya wa 'ya'yansu. Sai dai malaman Musulunci sun daɗe da raba ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokaci da jiha da shi, daga da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan abin da ke faruwa a ƙasa. Suratun Nahli ta ambaci shiryuwar matafiya da taurari, hadisin Hudaibiyya da Zaidu ɗan Khalid ya ruwaito kuma ya yi hani ga jingina saukar ruwa ga tauraro. A wannan gaɓa kimiyya ba ta saɓa wa fiƙihu ko kaɗan. Ruwan Daura yana zuwa ne idan iska mai laima daga tekun Atlantika ta turo arewa ta kori busasshiyar iskar hamada, kuma abin da ke jan ta shi ne zafin rana bisa karkatar duniya da digiri 23 da rabi. A farin 1973 da na 1984 Nasara da Ɗarfa sun shigo a kan lokacinsu, ba su yi jinkirin kwana ɗaya ba, gonaki kuwa suka ƙone. Tauraro agogo ne, yana faɗin lokacin da aka saba samun ruwa, ba shi da hannu a zuwansa.

Agogon ma yana da ɗan lahani, kuma ina ganin wajibi ne a faɗa wa ɗalibi. Shekarar taurari ta fi shekarar yanayi tsawo da kimanin minti 20, saboda sandar da duniya ke juyawa a kanta tana yin lilo a hankali, zagaye ɗaya cikin shekara kusan 26,000. Kwana ɗaya ke nan duk shekara 71, mako biyu a shekara 1,000. Watannin ajami da aka ɗaure jadawalin da su kuma suna bin tsohuwar kalandar Rumawa, wadda yanzu take bayan ta Miladiyya da kwana 13. Malamin da ke ƙirga sha uku-sha uku daga takarda, bai fita da asuba ya duba gabas ba, bai kuma kula da shekarar da ke da ƙarin kwana ba, lissafinsa zai riƙa zamewa bai sani ba. Shi ya sa nake cewa hadda kaɗai ba ta tsare wannan gado. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara ya fi jadawalin sanin halin shekarar da ake ciki, jadawalin kuma ya fi shi kusa da bakin manomi. Malamin gona da ya iya faɗin hasashen da sunan Hana'a da Zira'a zai samu masu saurare.

Daura ba ta rasa inda za a yi aikin ba. Akwai kwalejin da ke ɗauke da sunan Yusufu Bala Usman, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, akwai jami'ar sufuri, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya mai da hantsi dare a Gusau da Katsina, ya nuna yadda jama'a ke da tambayoyi idan sama ta yi abin mamaki, amma cibiyar binciken sararin samaniya ta hukumar NASRDA tana can Nsukka, kuma babu mai zuwa daga can ya tattara abin da dattawan Baure suka sani. Aikin na ɗaliban nan ne: su zauna da manoma da makiyaya da ladanai, su ɗauki sunan kowane tauraro yadda ake faɗinsa, a nuna musu shi da yatsa, su rubuta rana da sa'a da jihar da yake, sannan su gwada da taswirar sama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwa ya wanke ƙura, kafin hazon hunturu ya sauko, a daren da wata bai fito ba, nesa da fitilun sola na bakin titi.