Yadda Sunayen Final Fantasy Suka Shiga Bakin Jama'a

Gardamar furta sunayen taurarin wasannin bidiyo ta faro ne tun zamanin da wasannin ba su da murya. Daga 1987 kamfanin Square na Japan ya riƙa aro wa Final Fantasy sunaye: Bahamut da Ifrit daga Larabci, Odin daga arewacin Turai, Shiva daga Indiya. Kowa da ido yake karantawa, ya furta yadda bakinsa ya saba, har 2001 da Final Fantasy X ya zo da muryoyi. Wasu na cewa lafazin tushe kaɗai ne daidai. Amma mutumin Japan "Ifurito" yake cewa, Bahaushe kuma "Ifiritu", don harsunan biyu sun fi son kalma ta ƙare da wasali. Wannan ɗabi'ar aro ce, babu wanda ya yi kuskure.