Ɗoɗɗoya

ɗoɗɗoya (ko ɗaɗɗoya, ɗaiɗoya) suna, mace.

1. Tsiro mai ƙamshi daga dangin na'ana'a, wanda masana tsirrai suke sanyawa cikin jinsin Ocimum. Karanta mai kusurwa huɗu ne, ganyenta na fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, furanninta ƙanana farare a jere a kan zangarniya. In aka murza ganyen a tafin hannu, ƙamshin kan daɗe bai bar yatsu ba.

2. ɗoɗɗoya ta gida: irin da ake shukawa a tsakar gida ko bayan ɗaki, wato Ocimum gratissimum. Tana girma ta kai ƙirjin mutum, ganyenta na da faɗi da baki kamar zarto. Wani irinta yana ƙamshin kanumfari saboda sinadarin yujinol da ke cikin mansa. Yarbawa na kiranta efinrin, Ibo kuma nchanwu.

3. A girki: ana yanka ɗanyen ganyen a zuba cikin farfesu ko miya dab da saukewa, don kada wuta ta cinye ƙamshin.

4. A maganin gargajiya: ana tafasa ganyen a sha ruwan don ciwon ciki, kumburin ciki da gudawa, mai mura ko zazzaɓi kan yi surace da shi. Ana kuma turara busasshen ganyen da daddare don korar sauro.

Misali: Inna ta tsinko ɗoɗɗoya ta dafa wa Audu, cikinsa ya lafa.

Duba: na'ana'a, kimba, kanumfari.