Yadda Masara Ta Ture Dawa a Funtuwa

Asalin masara Meziko ne, sunanta kuwa yana nuna ta Masar ta biyo ta iso mana. Kakanninmu a gefen gida suke shuka ta, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Tuwo kam na dawa ne.

A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ya haɗa har da Malumfashi da Bakori. Ya yaɗa farin iri TZB na cibiyar IITA ta Ibadan, da takin zamani mai rahusa. Nan da nan masara ta mamaye gonaki. Sai dai ba ta da haƙurin dawa. Da aka janye tallafin taki, manoma da yawa suka rage ta, suka koma dawa da waken suya.